Tsohuwar da na hana shiga rajistar tallafi

Shekarun baya, lokacin da na dawo gida Bagudo da takardar digiri a cikin leda kuma ba aikin yi, babu abin da na ƙware a kai kamar sharhin kasafin kuɗi. Tattalin arziki na karanta, don haka gani nake ƙasar nan ni take jira in zo in gyara ta. Da safe in sha kunun da mahaifiyata ta dama, in sa riga mai guga, in tafi rumfar mai shayi in zauna ina yi wa mutane bayanin abin da gwamnati ta ware wa noma da abin da ta ware wa tituna, da inda ta yi kuskure. Shayin ma abokina ne ke saya mani, wanda ya tsaya a sakandare ya kama kabu-kabu da babur ɗinsa.

A shekarar nan kasuwa ta mutu a yankinmu. Harkar boda, wato fataucin bakin iyaka, wadda rabin gari ke ci da ita, ta tsaya cik. Masu dako suna zaune, masu babur suna zaune, kayan masarufi kullum sai tashi suke. Da aka karanta kasafin kuɗin ƙasa a rediyo, abu biyu aka yi ta nanatawa: farfaɗo da tattalin arziki, da tallafa wa marasa ƙarfi. Na yi kwanaki ina fassara wa 'yan rumfar shayi waɗannan kalmomi kamar da ni aka zauna aka rubuta su.

Ba a jima ba aka ce za a ɗauki matasa aikin wucin gadi, su bi ƙauyuka su yi rajistar gidajen da suka fi buƙata, domin da wannan rajistar za a riƙa raba duk wani tallafi da ya zo. Na nema, na samu. Aka tara mu a wani aji aka yi mana bita ta kwana biyu, aka ba kowa waya mai ɗauke da tambayoyi, da riga mai tambari, da kati na ratayawa a wuya. Katin nan har masallaci nake zuwa da shi.

A ranar ƙarshe ta bitar, shugaban aikinmu ya ja mana kunne. Ya ce mu tuna a bakin iyaka muke, akwai yiwuwar wasu su tsallako daga Benin su shiga layi. Ya ce idan muka yi shakkar wani, mu tambayi mai gari, shi ya san mutanensa. Rabin farko na maganar ya zauna mani a kai daram. Rabi na biyun ban riƙe shi ba.

Ni aka tura ɓangaren Kaoje, ƙauyukan bakin gulbi. Abokina ke kai ni da babur har inda hanya ta ƙare, daga nan mu bar babur a gidan wani mu shiga kwalekwale. A rana ta huɗu muka isa wata tunga ta masunta, gidaje ba su fi a ƙirga da ido ba, yawancinsu rufin ciyawa, ko'ina ƙamshin bandar kifi. Aka shimfiɗa mani tabarma a ƙofar gidan mai gari, aka kawo kujera, mutane suka yi layi. Ban taɓa ganin manya sun tsaya a gabana suna jiran in ɗaga kai ba sai ranar, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mani daɗi.

Tambayoyin ba wuya. Mutum nawa ne a gidan, da me aka yi rufi, sau nawa ake ɗora tukunya a rana, akwai mara lafiya ko babu. Da yawa ba su da katin ɗan ƙasa, kuma an ce mana wannan ba ya hana rajista. Na yi ta shigar da su ba tare da na tambayi komai ba.

Wajen azahar layi ya zo kan wata tsohuwa. Siririya ce, hannayenta duk sun yi baƙi da hayaƙi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ita da ta yi jika da ni, kuma ban ce ta tashi ba. Da na fara tambaya sai na ga Hausarta a karye take. Takan fara magana, ta maƙale, ta juya ga matar da ke bayanta su yi Dendanci, harshen mutanen bakin gulbin, sannan ta dawo ta ba ni amsa. Na fahimci ita da mijinta ne kawai a gidan, shi kuma ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya fita. Ita ke yi wa mutane bandar kifi a ba ta abin da ya samu.

Na ce ta kawo katin shaida. Ta kwance bakin zanenta tana neman wata takardar asibiti da take tsammanin za ta yi, sai wasu sulalla suka zubo a kan tabarma. Sefa ce, kuɗin Benin.

Wanda ya san yankinmu ya san wannan ba komai ba ne. Sefa tana yawo a kasuwanninmu kamar yadda naira ke yawo a nasu. A aljihun abokina ma a ranar akwai ta. Amma ni a lokacin sai na ji kamar na kama ɓarawo da hannu cikin rumbu. Na ɗauki sulai ɗaya na ɗaga sama yadda kowa zai gani.

Na ce, "Iya, wannan kuɗin wace ƙasa ce?"

Ban jira amsarta ba.

Na ce, "Hausa ba ki iya ba, kati ba ki da shi, kuɗin da ke jikinki na Benin ne. Wannan tallafi daga kasafin kuɗin Najeriya ya fito, na 'yan Najeriya ne. Ki koma ƙasarku su yi maki naku."

Wasu samari a gefe suka yi dariya, dariyar ta ƙara mani ƙarfi. Mai gari ya tashi yin alwala a lokacin, ba ya wurin. Matar da ke bayanta ta fara cewa, "Malam, ai wagga nan take..." Na katse ta, na ce idan ta cika baki ita ma zan tsallake ta. 

Tsohuwar ta tsince sulallanta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke hannuna ta miƙo tafin hannu, na saka mata. Ta ɗaure bakin zanenta, ta ce, "To, na gode," ta tafi. Wannan kam da Hausa ta faɗe shi, sarai.

A kwalekwale muna dawowa abokina ya ce, "Da ka jira mai gari ka tambaye shi."

Na ce masa aikin gwamnati ba kabu-kabu ba ne, akwai ƙa'ida. 

Da la'asar ina cin tuwo a tsakar gida, mahaifiyata tana tsintar shinkafa a faifai, na kwashe labarin na ba ta. Da alfahari na ba ta shi. Har kwaikwayon Hausar tsohuwar na yi, yadda take juya kalmomi. Ina jiran ta yi dariya, sai na ga ta ajiye faifan.

Ta ce, "Sake hwaɗin yadda ta yi magana."

Na sake.

Sai mahaifiyata ta buɗe baki ta yi wata doguwar magana da Dendanci, tana kallon cikin idona. Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan harshe a bakinta ba. Na san dai tana gane shi idan mata masu kifi sun shigo, amma na ɗauka irin ganewar kasuwa ce.

Na ce, "Inna, me kika ce?"

Ta ce, "Cewa na yi, uwata da ta haihe ni, haka Hausarta take. Har ta koma ga Allah ba ta iya hwaɗin abin da kake so a hwaɗa maka daidai ba. A bakin gulbin nan aka haihe ta, a nan aka haihi uwarta. Da tana raye yau, da ita ma ka kore ta Benin."

Kakata ta rasu ina goye, ban san ta ba. Ranar na fara jin cewa lokacin da aka kawo mahaifiyata cikin gari tana amarya, dariyar maganarta aka yi ta yi a gidan, har ta daina harshen uwarta gaba ɗaya, ta ƙudura cewa 'ya'yanta ba za su taso da abin da za a yi masu dariya ba. Ga shi ɗan da ta kare daga dariyar ya girma ya zama mai yin ta.

Ta ce, "Gobe ka koma ka rubuta ta."

Na ce to.

A nan ne abin da ya fi ba ni kunya yake. Ban koma ba. Saura kwana uku a rufe rajistar, kuma wayar tana hannuna. Abin da ake buƙata kawai in hau babur, in shiga kwalekwale, in tsaya gaban mutanen da suka ga na ɗaga sulai sama in ce na yi kuskure. Washegari na ce akwai wasu ƙauyuka da suka rage. Jibi na ce gulbi ya yi iska. Rana ta uku na miƙa wayar a ofis na karɓi takardar yabo cewa na gama aikina a kan lokaci. Da mahaifiyata ta tambaye ni, na ce an gyara. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa."

Damina ta zo da ruwa mai yawa. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin shinkafa na fadama, ya shiga tungayen bakin ruwa. Mutane suka kwashe abin da za su iya suka hau tudu. Ba a daɗe ba tallafi ya iso, kuma kamar yadda aka faɗa tun farko, da rajistar nan aka yi aiki. Wanda sunansa ke ciki ya samu abinci da ɗan kuɗi da alkawarin irin shuka na rani. Wanda ba ya ciki sai dai ya tsaya daga nesa.

Abokina ne ya zo ya same ni a rumfar shayi, ya ja ni gefe. Ya ce ya kai wani fasinja makarantar firamaren da aka sauke mutanen tungar nan, ya ga tsohuwar. Ɗakinta ya faɗi. Mijin a kan ƙofa aka ɗauko shi. An kira sunaye an raba kaya, nata bai fito ba, maƙwabta ne suka ɗan tsakura mata daga nasu.

Ya ce, "Ai ka ce wa Inna ka gyara."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ita. Ta tare ni tun kwanaki ta tambaye ni ko na mai da kai, na ce a'a. Ba ta ce maka komai ba ne kawai."

Wato duk tsawon watannin nan tana dama mani kunu, tana zuba mani tuwo, ta san ƙarya na yi mata.

Na tafi ofis wurin shugaban aikinmu na faɗa masa gaskiya. Mutumin kirki ne, bai zage ni ba. Ya tambaye ni ko na tuntuɓi mai gari kamar yadda ya ce, na ce a'a. Ya ce rajista ta riga ta tafi sama, ba mai iya ƙara ko harafi a nan, sai idan an sake buɗewa, wannan kuma sai an ga abin da kasafin baɗi ya tanada. Ya ba ni takarda na rubuta ƙorafi da hannuna, na sa hannu cewa kuskuren nawa ne. Duk bayanin da na saba yi a rumfar shayi, na yadda kuɗi ke bin matakai kafin ya sauko, ranar na ji shi a jikina. Minti biyu ya ishe ni in cire ta. Mayar da ita kuwa sai an jira shekara.

Da na dawo gida na sami mahaifiyata ta riga ta ɗaure ƙullin gero da shinkafa da zannuwa biyu. Ba ta yi mani maganar ƙaryar ba, har yau ba ta taɓa yi ba. Cewa kawai ta yi, "Kira abokinka, ka nemo wani babur ɗin. Da ni za a tahi."

Muka same su a wani aji da aka fitar da bencina. Mai gari na zaune a baranda. Da na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ɗana, wagga baiwar Allah tare muka yi ƙuruciya. Ubanta shi ya koya wa ubana saƙar komar kamun kifi. Da ka ɗaga murya ka kira ni, ina bayan ɗaki ina alwala."

Na sunkuyar da kai.

Tsohuwar tana ƙuryar ajin, tana ba mijinta ruwa da ludayi. Mahaifiyata ta yi sallama da Hausa, sannan ta durƙusa ta gaishe ta da Dendanci. Tsohuwar ta ɗago da sauri. Suka shiga magana, tun ana gaisuwa har aka koma tambayar asali, ana ambaton tungaye da sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ba dangi ba ne, amma tsohuwar ta san garin kakata, ta taɓa zuwa biki can tana budurwa. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, ba na gane ko kalma ɗaya. Na cire hulata ina murzawa a hannu.

Can mahaifiyata ta nuna ni. Tsohuwar ta dube ni, na ga ta gane ni tun shigowata.

Na ce, "Iya, na zo neman gafara. Na zalunce ki, kuma na samu damar gyarawa ban gyara ba."

Mahaifiyata ta fassara mata. Tsohuwar ta yi magana a hankali, ba faɗa a muryarta.

Mahaifiyata ta ce, "Ta ce ta yahe maka tun ranar, yaro ne kai. Amma akwai abin da ya tsaya mata a rai, tana so ta tambaye ka, tunda kai ka yi karatu. Ta ce ka ce ta koma ƙasarsu. In ba nan ba, ina ne?"

  Na zauna a wurin hawaye na zuba, ga mutane cike da aji, wasunsu cikin samarin da suka yi dariya ranar.

Daga baya na riƙa zuwa duk bayan mako biyu da abin da mahaifiyata ta haɗa, wani lokacin da ɗan abin da na samu daga koyarwar da na fara a wata makarantar kuɗi. Bai taka kara ya karya ba. Mijin bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba, ya rasu. Ba zan ce rashin tallafin ne ya kashe shi ba, ya daɗe yana jinya, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ba zan iya cewa da sun samu ba zai ɗan ji sauƙin kwanakinsa na ƙarshe ba.

Bayan ta fita takaba ba ta da ɗaki, ba ta da mai kula da ita. 'Yarta guda ɗaya tana aure a wani ƙauye ta wajen Segbana, a cikin Benin. Mijin 'yar ya zo ya ɗauke ta. Abokina ne ya kai su har Tsamiya, bakin iyaka, da ƙullin kayanta a gaban babur. Ya ce har suka isa tana waiwaye.

Da aka sake buɗe rajistar, takardar ƙorafina ta yi aiki. Sunanta ya fito. Shugaban aikinmu da kansa ya kira ni ya gaya mani, yana murna. Na je tungar na sami mai gari, ya ce ai ta yi wata bakwai da tafiya. Aka aika mata, ta ce a gode, amma ƙafafunta ba za su iya zirga-zirgar ba, kuma ba ta da inda za ta sauka. A can ta zauna, a can Allah ya karɓi ranta bayan 'yan shekaru. Mahaifiyata ta tsallaka ta yi ta'aziyya. Ni na kai ta, amma a waje na tsaya.

Yanzu ina aiki a inda ake tsara irin waɗannan shirye-shirye, kuma har gobe ina ganin kasafin da ya tuna da marasa ƙarfi ya fi wanda ya manta da su. Masu cewa tallafi ɓarnar kuɗi ce ba su taɓa shiga ajin da aka sauke mutanen da ruwa ya cinye wa gida ba. Abin da na koya shi ne, duk kyawun abin da aka rubuta a Abuja, a ƙarshe hannun wani yaro mai kati a wuya yake faɗawa, a kan tabarma a ƙofar gidan mai gari, shi zai ce wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba. Idan muna bitar sababbin ma'aikata nakan ba su labarin nan, kuma ba na cewa wani ne ya yi. Nakan ce ni ne.

Mutane sukan ce mani ai ta yafe, in bar abin ya wuce. Na san ta yafe, a gabana ta faɗa. Kuskuren farko ma ina iya yi wa kaina uzuri da ƙuruciya da rashin sani. Kwana ukun nan ne ba ni da uzurinsu, domin a lokacin na riga na sani.

Na roƙi mahaifiyata ta koya mani Dendanci. Da farko ta ƙi, ta ce na tsufa da koyo, harshena ya yi tauri. Daga baya ta sauko. Yanzu ina iya gaisuwa, ina iya tambayar farashin kifi, ina iya cewa a yi haƙuri. Idan na yi, matan bakin gulbi sukan kwashe da dariya saboda yadda nake karya kalmomin. Nakan tsaya su gama dariyarsu, sannan in ce su gyara mani.